Yanke sifirin ko sayen gajere, wanne ya fi?

Masu son mota ta kwanta ƙasa, hanya biyu ce a gareji. Yanke sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a wajen taya, araha ne, kuɗin aikin bakanike kawai za ka biya, amma motar sai ta koma tana dukan ka a kowane rami, shokozoba mai rage girgizar mota ya mutu da wuri, taya ta cinye ta gefe ɗaya, in an yanka ba daidai ba ma har sifirin ɗin ya iya zamewa daga mazauninsa kana cikin gudu. Sayen gajeren sifirin na kamfani kuwa akwai tsada, ga kuɗin ɗaurawa ga na alaimen, wato saita tayoyi, amma dama don hakan aka ƙera shi. Ni dai wallahi in kuɗin bai kai ba gara ka bar motarka yadda take, ran mutum ake magana.