Reiki: na samu barci, amma bayaninsu bai gamsar da ni ba

Sauƙi dai na samu, wannan ba zan ɓoye ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bayanin da masu Reiki, wata hanyar neman waraka ta ɗora hannu a jikin mutum, ke yi kan abin da ke fita daga tafin hannunsu.

Aikin jinya nake yi a Ingila, yawanci kwanan asibiti. Duk wanda ya taɓa aikin dare ya san halinsa: ka dawo gida gari ya waye, jiki ya yi laushi, ido kuwa ya bushe ƙam. Kafaɗuna suka yi tsami, wuyana ya sanƙare, abu kaɗan sai raina ya ɓaci. Wata abokiyar aikina ce ta ce in gwada Reiki, tunda wasu cibiyoyin kula da masu cutar daji a nan suna yi wa marasa lafiya shi don kwantar musu da hankali, ba a madadin magani ba.

Asalinsa daga Japan ne. Mikao Usui ne ya kafa shi a 1922, bayan kwana 21 da mabiyansa suka ce ya yi yana azumi a keɓe kan dutsen Kurama, kusa da Kyoto. Wata mata haifaffiyar Hawaii, Hawayo Takata, ita ta kai shi can a ƙarshen shekarun 1930, daga nan ya bazu cikin Amurka da Turai. Da'awarsu ita ce akwai wani ƙarfi da ya game duniya, mai yin Reiki kuma hanya ce kawai da ƙarfin ke bi ya shiga jikinka.

Na nemi mace, na kuma samu. Dattijuwa ce mai sanyin murya, a wani ɗan ɗaki a bayan gidanta take aiki. Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne ba a cire kaya. Takalmi kawai na tuɓe, ko ɗankwalina ban taɓa ba. Ta tambaye ni ko na yarda ta taɓa ni, ko ta tsaya da hannu a sama, sannan ta ce in faɗi wuraren da ban so. Na kwanta rigingine a kan gadon tausa, ta sa min matashi a ƙarƙashin gwiwa, ta lulluɓe ni da bargo.

Babu murza, babu matsawa. Ta haɗa tafukanta biyu ta rufe min ido, ta tsaya haka nan wajen minti uku zuwa biyar ba ta motsa ba. Daga nan gefen kai, sai ta zura hannu ta tallabi ƙeyata. A nan ne abin ya kama ni. Sai da nauyin kaina ya sauka cikin hannunta na gane ashe tun da na kwanta ni ke riƙe da wuyana, ban sake shi ba. Numfashina ya yi tsawo. Haƙorana da nake datsewa ban sani ba suka rabu. Hannunta na da ɗumi sosai, har ta cikin riga ina jin sa a kafaɗa. Kafin ta kai gwiwa da tafin ƙafa barci ya ɗauke ni, sai ji na yi tana kiran sunana a hankali, ta miƙo min ruwa. Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, haka ma sauran zuwan da na yi.

To me ya sa ni barcin? Ita ta ce ƙarfin nan ne ya buɗe inda ya toshe. Ni kuwa abin da na gani shi ne mace mai yini da kwana tana ɗaga wasu, an kwantar da ita awa guda a ɗaki mai ɗumi, babu waya, babu ƙararrawar majiyyaci, wani ne yau ke kula da ita. Jiki ba ya buƙatar fiye da haka kafin bugun zuciya ya lafa. Binciken ma bai tsaya musu ba. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta fitar a 2015 ta ce babu isasshiyar hujjar cewa Reiki na maganin fargaba ko ciwon damuwa. Tun a 1998 kuma mujallar likitoci ta JAMA ta buga gwajin wata yarinya, Emily Rosa, kan wata hanya mai kama da wannan da ma'aikatan jinya a Amurka ke yi. Ta sa mutum 21 masu wannan aiki su zura hannuwa ta bayan allo, su faɗi a kan wanne ta ɗora nata ba tare da ta taɓa su ba. A kashi 44 cikin 100 na gwaje-gwajen suka dace, ƙasa da abin da canke zai bayar.

Akwai kuma abin da ya tsaya min a rai. Wata rana na buɗe ido na ga tana zana wasu alamu da yatsa a iska, saitin goshina. Na tambaye ta, ba ta ɓoye ba: alamu ne da malaminta ya ba ta lokacin da ya "buɗe" ta, da su ake jawo ƙarfin. Na roƙe ta ta bari, ta bari ba gardama, kuma barcina bai ragu ba. Amma zuciyata ba ta koma daidai da abin ba. A matsayina na Musulma, ban ga yadda zan jingina waraka ga wani ƙarfi da ban san tushensa ba. Ba mu kaɗai ba ne ma: bishop-bishop na Katolika a Amurka sun ce a 2009 bai dace a riƙa yin sa a cibiyoyinsu ba. Da na ba yayata labari a waya, cewa ta yi: "Ke ƙanwata, in dai ɗora hannu ne, ai Inna ta riga su." Gaskiyarta. Mun tashi ana karanta mana Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, a tofa a tafi, a shafe mu, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi kafin ya kwanta.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, awa ɗaya ta kusa cinye cefanena na mako. Kuma a nan babu dokar da ta tilasta wa mai Reiki yin rajista, matakin farko a kwana biyu wasu ke koyon sa. Ni Allah ya haɗa ni da mai gaskiya, wadda da bakinta ta ce kada in bar ganin likita. Wanda duk ya ce ka ajiye maganin hawan jini ko na damuwa saboda hannunsa, tashi ka bar wurin.

Na daina zuwa. Ciwon wuyan ma Reiki bai taɓa shi ba, da na farka yake dawowa. Sai da na je wurin likitan gashin ƙashi da motsa jiki, ya nuna min yadda zan riƙa miƙe shi da yadda zan gyara tsayuwata in ina juya majiyyaci, sannan ya fara saki.