Zagayen kallon namun daji a Yankari: yaushe kwalliya ke biyan kuɗin sabulu?

Yawancin masu dawowa daga Yankari suna cewa ba su ga komai ba sai birai, in aka bincika za a tarar cikin damina suka je, ko kuma da rana tsaka suka fita zagaye. Dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244 a yankin Alkaleri na jihar Bauchi, kuma dabbobinsa a sake suke, ba kamar na gidan zu ba. Saboda haka ingancin zagayen ya dogara ne da wata da kuma sa'ar da aka zaɓa.

Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙofar shiga da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda masaukin baƙi yake, akwai fiye da kilomita 40 cikin daji, don haka a shiga da isasshen mai, kuma da sauran rana. Kuɗin ƙofa daban, na ɗaki daban, na motar zagaye daban. A tambayi kowanne kafin a tashi daga gida.

Lokaci mafi kyau shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A sannan tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, ganye ya zube, dabbobi kuma dole su gangaro kwarin kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa. Da damina gamba tana fin mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, garke ya watsu, wasu hanyoyin kuma laka ta hana mota bi. Zafin bazara yana da tsanani, amma shi ne ke tara namun wuri guda. A fita da sassafe ko bayan la'asar. Tsakanin hantsi da azahar kowace dabba tana ƙarƙashin inuwa.

Ba a shiga daji sai da ɗan rakiya daga ma'aikatan wurin, kuma nan ne ƙarfin wannan hidima yake. Gogaggen ɗan rakiya yana karanta ƙasa: kashin giwa da bai bushe ba, reshen da aka karya ruwansa na tsattsafowa, faɗin sawu da inda ya dosa. Yana kuma sa direba ya tsaya ta inda iska ke busowa daga dabbar zuwa mota, domin giwa ba ta da kaifin gani amma hancinta ba ya kuskure. Abin da ke ɓata zagaye galibi daga fasinjoji yake fitowa: surutu, kiɗa a waya, miƙewa tsaye farat ɗaya. Babbar mota cike da 'yan makaranta ba ta ganin abin da ƙaramar mota mai mutum biyar ke gani. Wanda ya zo don kallo da gaske ya haɗa kuɗi da 'yan uwansa su ɗauki tasu.

Gwambaza, mazo, gadu da bika kusan kullum ana ganinsu. Ɓauna, kanki da gwanki sai an dace, haka dorina da kada a gurbin ruwa mai zurfi. Giwayen Yankari suna cikin manyan garken da suka rage a Najeriya, amma suna yawo da nisa, ba wanda zai yi alkawarin ganinsu a fita ɗaya. Zaki kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, kada a sa rai. Idan giwa ta baza kunnuwa tana girgiza kai, musamman mai ɗa, an matsa mata da yawa, a ja baya a hankali.

Tsuntsaye ne abin da aka fi rainawa, alhali an ƙirga fiye da iri 350 a dajin. Burtu yana taku cikin ƙonanniyar ciyawa, cilakowa tana kan itatuwan sansani, carki kuma yana kan bayan ɓauna yana cire kaska. Tabarau mai hangen nesa na 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar. Wanda ya fi shi jawo abu kusa yana rawa a hannu cikin mota.

Tsando yana da yawa a kurmin bakin Gaji, cizonsa na ratsa siririn yadi. Baƙi da shuɗi ne ke jawo shi, don haka a sa tufafi masu kauri launin ƙasa, masu dogon hannu. Bikan sansanin Wikki sun saba da mutane har sun iya buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Kada a riƙe leda a fili, kada a ba su abinci, domin bayarwar ce ta mayar da su haka.

Ruwan marmaron Wikki garau yake, ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Bayan ƙurar zagaye, shi kaɗai ma ya isa dalilin zuwa. A guji sabulu da shamfu a ciki, tunda cikin Gaji yake kwarara inda dabbobi ke sha.

Gidan tarihin sansanin ƙarami ne, amma a shiga. Haure, fatu da kayan farautar da aka ƙwace suna nuna abin da dajin ke fama da shi tun da aka keɓe shi a 1956. Ya zama gandun ƙasa a 1991, ya koma hannun jihar Bauchi a 2006, kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta tallafa wa sintirin masu gadi, har da sa wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya don a gargaɗi ƙauyukan kewaye kafin su faɗa gonaki. Farauta da shigar shanu kiwo har yanzu su ne manyan barazana.

Zuwa da dawowa rana ɗaya asara ce. A kwana biyu, a yi zagaye uku ko huɗu, a ware ɗaya don kogunan dutse na Marshall da tsofaffin rijiyoyin Dukkey, a kuma riƙe tsabar kuɗi da ruwan sha aƙalla lita uku ga kowane mutum a yini.