Buɗe Makullin Waya ko Barin Ta Yadda Kamfani Ya Kulle Ta?

Mutane suna yawan tambayata ko ya fi kyau su buɗe makullin manhajar wayarsu, abin da masu gyara ke kira rutin, ko su bar ta yadda aka sayar musu da ita.

Ta fuskar haƙƙi, mai buɗewa yana da hujja, domin da kuɗinsa ya saya, kuma tun 2010 hukumomin Amurka suka halatta fasa kullen waya don saka manhajar da mutum yake so. Sai dai dokar ba ta tilasta wa kamfani ya sauƙaƙa ba. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa a 2018, alhali Google ya bar hanyar a wayoyin Pixel.

Kuɗin buɗewa bai taka kara ya karya ba, amma haɗarin shi ne abin lura. A wayoyin Samsung, da zarar an maye gurbin babbar manhajar da ke tafiyar da wayar da wadda ba ta kamfanin ba, tsarin tsaron wayar mai suna Knox yana yin alamar da ba ta goguwa, manhajar biyan kuɗi ta Samsung ta daina aiki, garanti kuma yakan faɗi. Manhajojin banki da yawa ma suna ƙin tashi a irin wannan waya, kuskure ɗaya kuma yana iya kashe ta ɗungurungum.

Wajen ɗorewa kuwa, buɗaɗɗiyar ce a gaba, tunda LineageOS, wani tsarin Android da ake ɗorawa a madadin na kamfani, yana raya tsohuwar wayar da kamfani ya daina sabuntawa.

Wanda cinikinsa da ajiyarsa suke cikin waya, kullalliyar ta fi dacewa da shi. Mai tsohuwar waya ta biyu, wanda ya san kan aikin, shi buɗewa za ta amfana.