Silverstone ko Monako: wanne ya kamata ka fara zuwa?

Tun da na fara zuwa kallon tseren motoci na Formula 1, tambaya ɗaya ake ta yi mini: Silverstone ko Monako? Na je duka biyun, kuma har yau in na tuna rugugin motoci da safiyar Juma'a sai tsikar jikina ta tashi.

Monako, 'yar ƙaramar ƙasa mai maƙwabtaka da Faransa, akwai tsada. Masauki a cikin gari sai mai hali, shi ya sa da yawa suke kwana a Nis ta Faransa su shigo a jirgin ƙasa. A Silverstone ta Ingila kuwa, kana iya kafa tanti kusa da filin tseren. Sai dai ka riƙe rigar ruwa, don ko a watan Yuli ruwan sama ba ya sallama.

A kan titi ne bambancin ya fi fitowa. Silverstone tsohon filin jiragen yaƙi ne, faffaɗa, kusan kilomita 5.9, kuma a nan aka yi tseren farko na gasar duniya a 1950. Motoci na wuce juna a kan idonka. Titin Monako kilomita 3.3 ne, matsattse, wuce wani sai da ƙyar, don haka a wurina fafatawar Asabar ta neman gurbin farawa ta fi tseren Lahadi armashi. Amma kusancin nan! Mota na gogar shinge dab da kai.

Mai son fafatawa da sowar 'yan kallo, yana kuma lissafin aljihu, Silverstone ta dace da shi. Wanda ke da hali, yana son ganin gwanintar direba kurkusa, ya nufi Monako.