Satumba: ga wata ciyawa lokacin taki ne, ga wata lokacin ɗauke hannu

Ɗan'uwa, ka ce ka karanta a wani wuri cewa Satumba ne watan da ya fi dacewa a zuba wa ciyawar harabar gida taki, sai ga wani kuma yana gargaɗin cewa daga Satumba a ɗauke hannu, har ka rasa na bi. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na farkon ciyawar ƙasashen sanyi yake nufi, na biyun kuma ta ƙasashen zafi, kuma ba lokaci ɗaya suke girma ba. Taki kuwa sai ciyawa tana kan girma take ɗaukarsa. Wadda ta kwanta barci, ko buhu guda ka juye mata, ruwa ne zai wanke shi, ko kuma ciyawar banza ta yi bushasha da shi.

Watannin da zan ambata na arewacin duniya ne, kamar Turai, Kanada da Amurka. Wanda yake Ostireliya ko Afirka ta Kudu sai ya ƙara wata shida a kan kowane.

Ciyawar sanyi, irin su feskiyu, rayigiras da shuɗiyar ciyawar Kentaki, ta fi sakewa idan zafin iska yana tsakanin digiri 15 da 24 a ma'aunin Selshiyas. Sau biyu take yunƙurawa a shekara: bayan hunturu ya ja baya, wajen Afrilu da Mayu, sai kuma da kaka, daga Satumba zuwa Oktoba. A tsakani, Yuli da Agusta, wahala take sha, girmanta ya tsaya, wani lokacin har ta yi ruwan ƙasa. Ciyawar zafi kuwa, irin su Bamuda wadda muka sani da kirikiri, da zoyishiya, da kikuyu, da Sen Ogastin, sai rana ta buɗe take jin daɗi, tsakanin digiri 27 da 35. Yunƙurinta ɗaya ne amma mai tsawo, daga ƙarshen Mayu har Agusta. Da zarar zafin ƙasa ya sauko wajen digiri 10, sai ta bushe a ido ta kwanta, ko da yake da ranta a ƙarƙashi. Ka ga watan da ɗaya take nishi, a cikinsa ɗayar take ƙiba.

Zubin farko na shekara shi ne inda mutane suka fi yin gaggawa, a ɓangarorin biyu. Mai ciyawar sanyi yana ganin dusar ƙanƙara ta narke a Maris sai ya ɗauko buhu. Ciyawar za ta yi kore shar, gaskiya ne, amma ganye kawai ta tura, ta ƙarar da abin da ta tara a saiwa, sai ta shiga zafin Yuli da gajeriyar saiwa. Gara a bari sai Mayu, a ba ta kaɗan. Mai ciyawar zafi kuskurensa ya fi wannan tsada, domin a Maris tasa ba ta ma farka ba. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: ya jira har filin ya koma kore sosai, ya yanke shi sau biyu ko uku, sannan ya zuba. Wanda yake son tabbaci ya soka ma'aunin zafi cikin ƙasa kamar santimita 10 da safe, in ya ga yana ba shi wajen digiri 18 kwanaki a jere, to lokaci ya yi.

A tsakiyar zafi kowa ya kama gabansa. Ciyawar sanyi a ƙyale ta. Nitirojin, wato sinadarin taki mai sa ganye, in ya yi yawa a lokacin zafi da laima yana buɗe wa cututtukan funfuna ƙofa, ka wayi gari ka tarar da da'irori masu ruwan ƙasa a filin kamar an kifa faifai an ɗauke. Ita kuwa kirikiri yanzu take buɗe baki, ana iya ba ta duk bayan mako huɗu zuwa shida muddin tana samun ruwa. Amma ba duk ciyawar zafi ce ke da cin kirikiri ba. Zoyishiya, alal misali, kaɗan ya ishe ta, in aka cika mata sai matattun rassa su yi tabarma a ƙarƙashin ganye su hana ruwa ratsawa.

Yanzu ga Satumbar da ta ɗaure maka kai. A wurin ciyawar sanyi, zubin wannan wata ya fi kowane muhimmanci, kuma in da sau ɗaya kawai mutum zai zuba a shekara, ni wannan zan ce ya zaɓa. Iska ta huce, ƙasa kuma da sauran ɗuminta, ciyawar tana farfaɗowa daga wahalar zafi, tana cike gibi, tana jefa sabuwar saiwa. Ka tumɓuke ɗan tushe a Oktoba ka kakkaɓe ƙasar, za ka ga fararen saiwoyi sirara sun fito fes. Abin da ta ci yanzu ajiya take yi da shi, shi ne kuma zai sa ta riga ta maƙwabta yin kore bayan hunturu. Shi ya sa fiye da rabin takin shekara a kaka ake ba ta, zubi ɗaya a farkon Satumba, wani a Oktoba tun tana kore, kafin ƙasa ta daskare.

Wannan zubin dai shi ne zai iya kassara ciyawar zafi. Ita tana shirin kwanciya ne, nitirojin kuma ya zuga ta ta fitar da ɗanyen ganye mai laushi, sanyin da ke daskarar da raɓa ya riske ta a haka. Ɓarnar ba ta bayyana a take, sai shekara ta zagayo, ko'ina ya yi kore amma wasu wurare sun ƙi tashi. Don haka a tsayar da nitirojin mako huɗu zuwa shida kafin lokacin da raɓa ke fara daskarewa a yankin. In gwajin ƙasa ya nuna ƙarancin fotashiyam, wani sinadarin taki, shi ana iya ba ta, domin ba ya zuga ganye.

Akwai kuma inda babu hunturun da zai kwantar da ciyawa, sai damina da rani. A nan ruwa ne ke yanke hukunci. A zuba bayan damina ta kankama ciyawa ta ɗauka, a sake zubawa kafin ruwa ya ɗauke. Da rani kuwa sai ga mai ban ruwa, domin taki a busasshiyar ƙasa ƙuna ne. Sai dai a guji ranar da hadari ya haɗo, mamakon ruwa zai kwashe takin ya kai shi rafi. Wannan matsalar ce ta sa ƙananan hukumomi da dama a jihar Fulorida ta Amurka suka hana zuba nitirojin da fosforas a ciyawar gida daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, lokacin daminarsu. Jihar Merilan kuma, mai sanyi, haninta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa 1 ga Maris, lokacin da ƙasa ke daskarewa.

Awo kam ɗaya ne ga duka biyun: kada zubi ɗaya ya wuce giram 5 na nitirojin a kowace murabba'in mita. Yuriya tana da nitirojin kashi 46 cikin 100, ke nan wajen kilo 1.1 ya ishi fili mai murabba'in mita 100. In takin 15-15-15 ne, wajen kilo 3.3. A watsa takin lokacin da ganye yake a bushe, a bi shi da ruwa kaɗan don ƙwayoyin su sauka ƙasa. Kuma kada a cika abin watsawa a kan ciyawar, domin inda yuriya ta zube wuri guda, cikin kwana biyu za ka ga tabo rawaya mai koren baki.

Abin da ba ka faɗa mana ba shi ne irin ciyawar da ke filinka, kuma sunan gari kaɗai ba ya warware wannan. A jihohin Amurka irin su Kansas, Mizuri da Bajiniya, gida biyu masu katanga ɗaya, wannan feskiyu, wancan Bamuda. Ka tuna yadda filinka yake a Janairu da kuma Yuli. In a Janairu yana riƙe da ɗan korensa amma a Yuli ya yi laushi, zuba a Satumba. In a Janairu ya bushe ƙarau kamar harawa amma a Yuli ka gaji da yanka, to zubin Agusta ya zama na ƙarshe, ka ɗaure bakin buhun sai Mayu.