Modem mai layin waya ko haɗin SMPP: wanne ya dace da saƙonnin makaranta?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce makarantarsu tana son tura wa iyaye kimanin 2,000 saƙon tes duk ƙarshen wata, yana kuma tambaya ko ya sayi modem, wato na'urar da ake jona wa kwamfuta, ya saka masa layi, ko kuwa ya nemi haɗin SMPP, wato hanyar tura saƙonnin tes ta intanet, daga kamfanin da ke dillancin saƙonni, domin yin aiki da manhajar Kannel mai tura saƙonnin tes. Malam, manhajar Kannel da ka ambata tana aiki da hanyoyin biyu, amma ga yawan da ka faɗa, SMPP ce ta fi dacewa, sai dai idan kana buƙatar iyaye su riƙa mayar da amsa.

Modem ya fi sauƙin farawa, domin kwamfuta mai Linux da layi ɗaya sun isa, kuma duk wanda ya sami saƙon yana iya amsawa kai tsaye ga lambar. Cikas ɗinsa shi ne jinkiri, tunda kowane saƙo yakan ɗauki daƙiƙoƙi da dama kafin ya fita, ta yadda saƙonni 2,000 za su ci sa'o'i, ga shi kuma kamfanin waya yana iya toshe layin da ya ga yana ta zuba saƙo iri ɗaya. Matsalolinsa yawanci a gabanka suke. Wasu modem na Huawei sukan bayyana a matsayin faifan CD har sai manhajar usb_modeswitch ta juya su zuwa modem, manhajar ModemManager ta Linux kuma takan riƙe /dev/ttyUSB0, wato tashar da kwamfuta ke magana da modem ɗin ta cikinta, ta hana Kannel shiga, kuma idan aka ɗauke wuta aka dawo, lambar tashar tana iya canzawa. Kafin ka zargi manhaja, tura wa modem ɗin umarnin AT+CPIN? ka ga ko layin yana neman lambar sirri, da AT+CREG? ka ga ko ya hau sabis, sannan AT+CSQ, wanda ke ba da ƙarfin sigina daga 0 zuwa 31, yayin da 99 ke nufin bai gano komai ba. Sau da yawa ma kuɗin layin ne ya ƙare.

A ɓangaren SMPP, wanda sigarsa ta 3.4 aka fi amfani da ita, haɗin yana bi ta intanet ne, galibi ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 2775, da suna da kalmar sirri da dillalin zai ba ka bayan ya amince da adireshin intanet (IP) na sabarka, wato kwamfutar da ke tura saƙonnin. Saƙonni da yawa kan fita cikin daƙiƙa guda, kuma sunan makaranta ne zai bayyana maimakon lamba, muddin bai wuce haruffa 11 ba kuma an yi masa rajista, sai dai ba a iya amsa wa irin wannan suna. A nan kuskure yana zuwa da lamba: 0x0E kalmar sirri ce ba daidai ba, 0x58 kuwa ka wuce saurin da aka yarje maka, sai ka rage throughput, wato yawan saƙonni a daƙiƙa, a cikin saitin Kannel. Abin da ya fi wahalar da mutane a Najeriya shi ne tsarin hana saƙonnin talla, wanda ake kunnawa ta lambar 2442, da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta kawo a 2016, domin saƙon da ya bi hanyar talla ba zai kai ga wanda ya kunna shi ba, don haka ka tabbatar dillalin ya ɗora ka a kan hanyar saƙonnin sanarwa, ka kuma nemi rahoton isar saƙo.

Akwai abu guda da ya shafi hanyoyin biyu daidai. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin jerin haruffan GSM da saƙon tes ya saba amfani da su, saboda haka ko ɗaya ne ya shiga saƙo, dole a koma tsarin UCS-2, wanda ke ɗaukar haruffa 70 kacal maimakon 160, ko 67 a kowane yanki idan saƙon ya rabu. Sanarwa mai haruffa 150 za ta koma yanki uku, kuɗinta ya ninka uku, kuma idan ka manta sanya coding=2 da charset=UTF-8 a Kannel, iyaye alamar tambaya za su gani a gurbin waɗannan haruffa.