Windows 10 ta yi ritaya: wace laftof ta hannu za ka saya yanzu?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, sai dai duk ɓarakar da masu kutse suka gano daga baya babu mai toshe maka ita, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda da aka ba waɗanda suka yi rajista. Tsofaffin na'urorin da ofisoshin Turai da Amurka ke sallama kuwa mun san inda suke sauka: Computer Village a Ikeja, Banex a Abuja, titin Beirut a Kano. Saboda haka kafin ka tambayi kuɗi, tambayi ko na'urar ta cancanci Windows 11.

Sharaɗin ba shi da yawa. Tana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar, da furosesa ta Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 3000 zuwa sama in laftof ɗin mai AMD ce. Ƙarnin yana cikin lambar: i5-8250U na 8 ne, i7-3520M kuma na 3, na shekarar 2012.

Ni dai in aka ce in zaɓa, ThinkPad T480 ta Lenovo zan ɗauka. Ta fito a 2018, baƙa wuluk, ba ta da wani kyan gani, amma an yi ta ne don wahala. Batir biyu gare ta, ɗaya a ciki, ɗaya a waje wanda kake zarewa ka sa wani ba tare da ka kashe ta ba. Wanda NEPA ta saba yi wa tsiya ya san darajar wannan. Na wajen yana kaiwa 72Wh in ka samu babban. Ramin RAM biyu ne, ka fara da 8GB, ranar da aljihu ya yi nauyi ka kai ta 32GB. Maɓallan rubutunta kuwa, sai ka wuni kana bugawa yatsunka ba su gaji ba. Kayan gyaranta sun cika kasuwa, kowane mai gyara ya san cikinta. T490 da ta biyo bayanta ma an manne mata wani ɓangaren RAM a jikin allon ciki (motherboard), an kuma cire batirin waje, shi ya sa ban damu da ita ba. Abu biyu za ka kula: akwai T480 masu furosesa ta ƙarni na 7, ka bar musu kayansu, sannan ka nemi mai fuska 1920x1080, don mai 1366x768 dishi-dishi take.

HP EliteBook 840 G5 ta fi ta sheƙi, ga mai son a gani a yaba. Dell Latitude 7490 ba laifi. Tsohuwar MacBook mai Intel, Apple na gab da yaye ta. Chromebook kuma sai mai intanet da ba ya yankewa.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ne. Da manhaja irin su Rufus ana tsallake binciken cancanta a ɗora ta kan na'urar da ta haura shekara goma, a manna mata sitika mai "Core i7" a ce maka sabon shigowa ce. Irin wannan Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da sabunta ta ba. Buɗe Settings, ka shiga System, sannan About, ka karanta lambar furosesa da idonka. Rubuta tpm.msc a akwatin bincike na Windows ka ga ko TPM ɗin 2.0 ne.

Batir shi ne ya taɓa ƙona ni. Wani mai shago ya rantse mini da awa biyar, ashe ko rabin awa ba ya yi in an zare caja. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka gwada Design Capacity da Full Charge Capacity. In na biyun bai kai rabin na farkon ba, a rage maka kuɗin sabon batir ko a fasa ciniki.

Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gaban mai shagon; F1 ake dannawa a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri ya ce "ai ba komai, Alhaji, ba ta hana aiki", tashi ka tafi, don cire ta sai an taɓa allon ciki. Akwai kuma waɗanda har yanzu ke ɗaure da kamfanin da ya yi amfani da su a waje. Lafiya lau suke a shago, ranar da ka goge Windows ka haɗa intanet sai ta nemi imel ɗin ma'aikacin wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba. A sake ɗora Windows a gabanka da intanet a kunne, ko da za ka yi zaman awa guda. Gwada ramukan USB-C duka biyun, don ta nan T480 ke caji. Cajar ma ɗaga ta ka ji, ta jabu ba ta da nauyi kuma zafi take yi da wuri. A rubuta maka lambar jikin na'urar a rasit, tare da kwanakin da za ka iya mayar da ita.